AMSOSHIN WASIƘUNKU: Su Suna Fafe Kabewa, Mu Muna Fafe Duma

 Kamar yadda muka saba, ga amsoshin da muka bayar a filinmu na rediyo an buga su a wannan shafi, domin wanda bai samu ji ba saboda yana gona ko yana kasuwa ya karanta, ko kuwa ya sa ɗansa ya karanta masa.

A wannan mako wasiƙu uku muka haɗa wuri guda, ɗaya daga Ƙanƙara, ɗaya daga Faskari, ɗaya daga Sabuwa, duk a Jihar Katsina. Masu wasiƙun ba su san juna ba, amma da muka duba sai muka ga yaɗo ɗaya ne ya sarƙe tambayoyinsu, watau yaɗon kabewa da na ɗan'uwanta duma. Mun sakaya sunayensu kamar yadda suka roƙa.

TAMBAYA TA FARKO

Wani Alhaji mai sayar da hatsi a Ƙanƙara ya rubuto yana cewa: "Na ga hoto a wayar ɗana, Turawa sun zauna da 'ya'yansu ƙanana sun rarake kabewa, sun yi mata ido da hanci da baki mai haƙora, sun kunna kyandir a ciki sun ajiye a ƙofar gida. Shin tsafi ne, ko wasa ne, ko kuwa abinci ne ya yi musu yawa?"

AMSA

To Alhaji, sannu da kasuwa. Abubuwa ukun nan da ka lissafa kowanne ya taɓo wani gefe na gaskiya. Tushen abin camfi ne na mutanen da, yau kuwa ga mafi yawan masu yin sa wasan yara ne, sa'an nan ba shakka sai inda abinci ya wadata ake wasa da shi.

Ana yin wannan abu ne don daren 31 ga watan Oktoba, wanda suke kira Halowin, a Amurka da Kanada da Ingila da wasu ƙasashe. Lokacin ya dace da kakarsu, an gama girbi, ganyen itatuwa yana zuba, sanyin hunturu yana tafe. Sunan daren daga kalandar coci ya fito, domin ran 1 ga Nuwamba ce ranar tunawa da waliyyansu, wannan dare kuwa jajibirinta ne. Amma masana tarihi da yawa suna danganta al'adun daren da wani tsohon bikin ƙarshen girbi mai suna Sawin, na mutanen tsibirin Ailan da ƙasar Sikotilan. Mutanen da na can sun camfa cewa a wannan dare fatalwa da iskoki sukan fito yawo, saboda haka sai a hura wuta, a yi shigar ban tsoro.

Abin da zai ba ka mamaki, Alhaji, shi ne a farko ba kabewa suke fafewa ba, don ba su da ita. Wata saiwa ce mai tauri, zagayayya, mai girman ƙaramin ƙoƙo, wadda suke nomawa su ci su ba dabbobi. Ita samari ke rarakewa su yi mata fuska, su sa garwashi ko guntun kyandir a ciki. Har suna da tatsuniyar abin, kamar yadda muke da Gizo da Ƙoƙi. Wai an yi wani marowaci mai wayon tsiya, sunansa Jak, wanda ya yi ta yaudarar Shaiɗan. Da ya mutu aljanna ta ƙi shi saboda mugun halinsa, wuta ma aka ƙi karɓarsa, sai aka jefa masa garwashi guda, ya sa a cikin rarakakkiyar saiwa, yana ta yawo da ita cikin duhu. Shi ya sa har yau sunan wannan fitila a bakinsu shi ne Jak mai fitila.

To yaya aka yi kabewa ta shigo? Yunwa ce ta kawo ta. Daga 1845 zuwa 1852 wata cuta ta faɗa wa dankalin Turawa a Ailan, shi ne kuwa tuwonsu. Kimanin mutum miliyan 1 suka mutu, fiye da miliyan 1 kuma suka yi ƙaura, yawancinsu zuwa Amurka. Wanda ya ga farin 1973, ko ya ji labarinsa daga bakin iyayensa, ya san yadda yunwa ke tayar da gari. Da suka isa can sai suka tarar da kabewa jingim, ga girma, ga laushin yanka, ga araha. Sai suka ajiye saiwarsu suka kama ta. Dama nahiyar Amurka ce mahaifar kabewa. A wani kogo a yankin Wahaka na ƙasar Meksiko an tono 'ya'yan kabewar noma da suka kai kimanin shekara 10,000. Bayan 1492, da jiragen ruwan Turawa suka fara kai da kawowa, sai irinta ya bazu cikin duniya har ya iso ƙasar Hausa, ya zama ɗan gida.

Yau abin ya zama harkar iyali da kasuwa. Iyaye sukan ɗauki yara su tafi gonar kabewa, kowane yaro ya zaɓi tasa, a biya manomin nan take. A gida yaro ya zana fuskar, babba ya yanka. Da daddare yara su yi shigar dodanni su bi gida gida ana ba su alewa, kusan yadda namu ke yin tashe da azumi. Manoman can suna da irin kabewa na musamman don wannan wasa, mai babban ciki da siririyar tsoka, marar garɗi, dabam da wadda suke ci. Har gasar noma ƙatuwar kabewa suke yi. A 2023 an auna wata a Jihar Kalifoniya ta kai kilo 1,247, watau ta fi buhun masara 12 masu kilo 100 nauyi. Amma fa wadda aka fafe ba ta daɗewa, cikin 'yan kwanaki sai ta motse ta yi funfuna, yawancinsu kuma a bola suke ƙarewa. Su kansu Turawan akwai masu kuka da wannan ɓarna, akwai kuma Kiristocin da ba su yarda da bikin ba ɗungurungum. Hukuncin addini a kan kwaikwayonsa fagen malamai ne, mu dai asalin abin muka faɗa maka.

Wani abu guda, Alhaji, tun da kai ɗan kasuwa ne. A birnin Wagadugu na Burkina Faso akwai wasan da yara maza ke yi da azumi, suna rufe fuska suna rawa gida gida, a da da ƙwaryar da aka huda wa ido suke rufe fuskar. Sunan wasan Dodo, kuma mutanen can da kansu suna cewa fataken Hausawa ne suka kai musu shi a ƙarni na 19. Ka ga ke nan wasan yara da abin da yaɗo ya haifa ba baƙo ba ne a gare mu. Bambancin kawai, su abin ci suke fafewa, mu kuwa abin zuba ci.

TAMBAYA TA BIYU

Wata uwargida daga Faskari ta ce: "Yarana uku, babban shekararsa 11, ƙaramar 4, sun gani a waya sun matsa mini sai na ba su kabewar da ke kan rumfarmu su yi mata ido da baki. Na hana suna ta kuka. Ko na yi musu rowa ne? Me zan ba su a madadinta?"

AMSA

Hajiya, ba ki yi rowa ba, tattali kika yi. Kin fi ni sanin tukunyar miyar taushe nawa ke cikin kabewa guda, in aka haɗa ta da yakuwa da gyaɗa. Wannan jan launi na tsokarta alama ce ta wani sinadari da jiki ke juyawa ya zama bitamin A, wanda ke kare yaro daga dundumi, ya kuma ƙara masa ƙarfin jure cuta. 'Ya'yanta ma in an soya akwai mai da abin gina jiki. Kabewar da aka tsinka da guntun hannunta, ba a ƙuje ta ba, aka bar ta ta sha rana kamar kwana 10 bayanta ya yi tauri, aka ajiye ta a inuwa bisa katako ba a jibga wata a kanta ba, takan yi watanni. In kuma kin yanyanka sirara kin shanya, sai ta kai ki bazara, lokacin da kayan miya ke tsada. Amma daga ranar da aka huda ta, kwanakinta sun ƙare.

Sai dai kada ki tsaya a kan hani kawai. Hanjin jimina ne, akwai na ci akwai na zubarwa. Abin zubarwa a al'adar nan shi ne ɓarnar abinci da fuskar fatalwa. Abin ci kuwa shi ne uba da uwa su zauna a tabarma ɗaya da yara, su yi wani abu da hannunsu daga amfanin gonar shekara. Ba kabewar yaran ke yi wa kuka ba, zaman suke so. To ki ba su duma. Duma ba a cin sa, ba ya ruɓewa in ya bushe, kuma abin da yaro ya zana bana zai iya shan fura a ciki baɗi. Ga yadda za a yi.

Na farko, zaɓe. A nemi duman da ya ƙosa a jikin yaɗo, hannunsa ya bushe, in an ƙwanƙwasa ya amsa. Wanda aka tsinka ɗanye motsewa yake yi. In ba ku da shi a gida, ƙoƙuna da ludaya marasa zane ba su da tsada a kasuwa, sai a fara da su.

Na biyu, fafewa. Wannan aikin maigida ne ko wani babba. A zagaya zare a tsakiyar duman, a bi shi da gawayi, sa'an nan a yanka da zarto ko wuƙa mai kaifi. Yara su tsaya nesa suna kallo.

Na uku, jiƙo. A nutsa shi cikin ruwa kwanaki har kayan cikin su ruɓe, sa'an nan a kwashe da cokali ko sakaina, a kankare siririyar fatar baya. Nan yara za su shigo, ƙaramar ma ta iya tsince 'ya'yan tana ƙirgawa. Amma a kula ƙwarai, ɗacin duma guba ne, yana sa amai da gudawa. Kada yaro ya kai hannu baki, a wanke hannu da sabulu in an gama, ruwan jiƙon kuma a zubar inda dabbobi ba za su sha ba. Haka nan ko kabewa ce kika ɗanɗana kika ji ɗaci, zubar da ita ya fi, dafuwa ba ta kashe wannan guba. Kankara kuma a yi ta a tsakar gida duman yana jiƙe, domin ƙurarsa in ya bushe tana sa tari.

Na huɗu, shanya. A shanya ana juyawa har ya bushe ƙayau. Kada a kai shi bakin murhu don gaggawa, tsagewa zai yi.

Na biyar, zane, wanda shi ne daɗin abin. A raba aiki gwargwadon shekaru. 'Yar shekara 4 a ba ta gawayi ko alli ta yi ɗige ɗigenta, kada a gyara mata. Na tsakiya ya zana da fensir, layi layi, gidan dara, tauraro, jinjirin wata, ganyen rogo, sa'an nan ya bi zanen da ƙusa yana karcewa a hankali. Ɗan shekara 11 ana iya ba shi 'yar wuƙa, babba na zaune kusa, ƙwaryar a kife a ƙasa ba a cinya ba, bakin wuƙar yana kallon waje, ba wajen ɗaya hannun ba. In ya ƙware sai ya gwada dagi. Zanen ƙuna kuwa, wanda ake sa wuƙa a wuta ta yi ja a riƙa bin ƙwarya da ita tana barin baƙin layi, wannan na manya ne kurum.

Na shida, launi, kuma duk yana gida. A shafa garin gawayi ko kunkunniyar tukunya da ɗan mai a cikin layukan, a goge saman, sai zanen ya fito baƙi. In fari ake so, farar ƙasa, wadda Allah ya hore wa maƙwabtanku na Ƙanƙara. Ja kuma karan dafi, shuɗi baba, rawaya gangamau. A ƙarshe a goge da man gyaɗa ko man kaɗe ta yi sheƙi. Fentin gwangwani kada ya shiga cikin ƙwaryar da za a ci abinci, domin wasu fentin suna da dalma. Mutanen yankinku ba sa bukatar a faɗa musu illar dalma ga yara, sun ji abin da ta yi a ƙauyukan Zamfara a 2010, ko da yake waccan daga dutsen zinariya ta fito. Sabuwar ƙwarya kuma kafin a ci a ciki, a jiƙa a zubar, a maimaita har ɗacin ya fita sarai.

In fitilar ce lalle suke so, a samu busasshen gora, a yanke gindinsa, babba ya huda masa ƙofofi da ƙusa bisa zanen da yaran suka yi, a kife shi a kan 'yar tocila ko fitilar sola. Za su ga taurari a bangon ɗaki. Kyandir da aci-bal-bal kam a'a. Kaka ce, gida cike da kara da harawa, ga dangar zana, ga iskar hunturu ta fara kaɗawa. Ƙaramar kuwa a bar mata ɗan duma guda ba a fafe ba, in ya bushe 'ya'yan suna kaɗawa a ciki, ta samu caki.

Kada maigida ya ce wasan banza ne. Yaro da hannu yake soma fahimta kafin kai. Wanda ya raba bakin ƙwarya gida 2, ya mai da shi 4, ya mai da shi 8 don zanensa ya daidaita, ya riga ya yi lissafin rabi da kwata kafin malam ya rubuta a allo. Hannun da ya saba bin layi a bayan ƙoƙo kuma ba ya rawa in ya kama alƙalami.

TAMBAYA TA UKU

Wani manomi daga Sabuwa ya ce: "Mahaifina sana'arsa fafe ƙwarya da yi mata zane, ni ma na ɗan iya. Amma roba ta kashe kasuwa, gonarmu ta nesa kuma shekaru ba mu je ba saboda rashin tsaro. Akwai sauran irin duman tsoho a wurina. In shuka, ko in haƙura? 'Ya'yana ko sunan masaki ba su sani ba."

AMSA

Malam, Allah ya jiƙan tsoho, ya kawo mana zaman lafiya mai ɗorewa. Amsa a taƙaice ita ce ka shuka, ko da rami biyar ne. Ga dalili.

Abin da ke hannunka ya fi kabewar Turawa tsufa a wannan nahiya. Masana sun tabbatar Afirka ce asalin duma, yana kuma cikin tsirran farko da ɗan Adam ya fara nomawa. An tono ɓaraguzansa a Amurka masu kimanin shekara 10,000, wani bincike na 2014 kuma ya nuna da alama teku ce ta kwashi dumamen daga Afirka suka yi iyo har can. An gwada an gani, duma yakan yi watanni bisa ruwan gishiri 'ya'yansa ba su mutu ba. Masuntan Argungu da ke hawa gora su yi iyo ba za su yi mamakin wannan ba.

Dubi kuma yadda ya shiga rayuwarmu. Masaki na aikin biki, ƙwarya ta fura da nono, ƙoƙo, ludayi, mara ta kwasar tuwo, gyanɗama da gora na matafiyi, jallo na alwala, kurtun tawada na almajiri, zunguru na ƙunshin amarya, shantu na 'yan mata. Goge da gurmi duk cikinsu duma ne. Marigayiya Barmani Choge, 'yar Funtuwa maƙwabciyarku, wadda ta rasu a 2013, da kiɗan ƙwarya ta yi suna a duk ƙasar Hausa. Ko a bakin 'yan kasuwa, goro 100 ƙwarya guda ake ce masa. Duk waɗannan kuwa tsiro ɗaya ne, iri ne kawai ya bambanta. A garin Oyo sassaƙar ƙwarya sana'a ce ta gado da ta yi musu suna. A 1986 kuma wata jami'a a birnin Los Anjalis ta Amurka ta yi baje kolin ƙoren zane na arewa maso gabashin Nijeriya, har da littafi sukutum a kansu. Watau masu fafe kabewar nan sun san darajar abin da muke neman yarwa.

Gaskiya ne roba da silba sun karɓe aikin yau da kullum, ba kuwa za mu ce maka ƙwarya za ta kore su ba. Ƙwarya ta bi ƙwarya, in ta bi akushi ta fashe. Kada ka yi gasa da roba a wajen araha, nemi inda roba ba ta iya shiga. Matan Fulani masu tallar nono har yanzu ƙwarya suke so. Masu fura, masu jeren ɗakin amarya, makaɗa, masu shirya bukukuwan gargajiya a makarantu, da shagunan kayan tarihi irin na Kasuwar Kurmi a Kano, duk masu saye ne. Ƙwarya marar zane kuɗinta kuɗin kwano ne, mai zane kuwa hannun mai ita ake saye. Tun da ba a fafe gora ranar tafiya, kafin damina ka ɗauki samfuri biyu ko uku na aikinka ka zagaya Ɗandume da Funtuwa da Sheme, ka ji girman da ake nema da abin da ake biya, sa'an nan ka san yawan da za ka shuka. Kada ka taɓa filin masara da dawa saboda shi.

Batun gonar nesa kuwa, nan ne duma ya dace da halin da ake ciki. Tun kafin sace ɗaliban makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara a Disamban 2020, abin da ya sa duniya ta ji sunan yankin, mutanen ƙauyukan Sabuwa da Faskari da Ƙanƙara sun daɗe suna fama, da yawa sun bar gonakinsu sun koma cikin garuruwa. To duma ba ya neman eka. Gindin danga, bayan ɗaki, kan rumfa, bakin juji, duk gonarsa ce. In damina ta zauna a haƙa rami a cika da takin gida, a sa ƙwaya 2 ko 3. Yakan ɗauki wata 4 zuwa 5 kafin ya ƙosa, daminar kudancin Katsina kuwa ta isa. Irin ludayi da zunguru a hau da su rumfa su rataya don su miƙe. Irin masaki a bar shi a ƙasa, a zaunar da ɗan a kan gindinsa bisa busasshiyar ciyawa don ya yi daidai, a rage 'ya'yan yaɗon in ana son manya. In ana son gora mai wuya, a ɗaura masa tsumma tun yana ƙarami.

Ka lura da fure. Na duma fari ne, da yamma yake buɗewa, ƙwarin dare ke yi masa barbara. Na kabewa rawaya ne, da sassafe yake buɗewa, ƙudan zuma ke yi masa. Kowannensu yana da fure namiji da mace a jikin yaɗo guda, macen ita ce mai ɗan ƙullutu a gindi. Saboda haka wanda ya fesa maganin ƙwari lokacin da fure ke buɗe ya kashe ma'aikatansa, sai ya ga 'ya'ya suna zubewa tun suna ƙanana. Duma da kabewa ba sa barbarar juna, ka shuka su kusa ba komai. Amma irin masaki da irin ludayi suna yi, in ka haɗa su wuri ɗaya 'ya'yan da za ka shuka baɗi sai su ba ka abin da ba masaki ba, ba ludayi ba. Ka raba su nesa, ko ka ba wani ɗan'uwa a wata unguwa iri guda ya riƙe.

Wannan ya kawo mu ga babban dalili. Irin duma ba kasafai ake samunsa a shagon sayar da iri ba, hannu da hannu yake yawo, daga uba zuwa ɗa. Gidan da ya tashi cikin gaggawa, hatsi da tufafi yake ɗauka, ba ya tuna 'ya'yan duma. Iri kuwa ba ya zama har abada, ƙarfinsa raguwa yake yi shekara bisa shekara. Tun yanzu ka ɗibi ƙwaya 10 ka nannaɗe a jiƙaƙƙen tsumma, ka ga nawa za su tsiro cikin mako biyu. In ka girbe, ka zaɓi duma mafi kyawun siffa ka rataye shi a ɗaki ba a fafe ba, shi ne rumbun irinsa. Haka sana'ar take, in ba ta shiga hannun yaro ba, ranar da mai ita ya kwanta dama ta bi shi. 'Ya'yanka da ba su san masaki ba, ba laifinsu ba ne, ba su gan shi ba ne. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ka zaunar da su ranar fafewa, ka raba musu aiki kamar yadda muka faɗa wa Hajiya ta Faskari, ka kira kowane abu da sunansa. In da hali ka leƙa makarantar firamare ta unguwarku, ka ce wa shugaban malamai kana iya nuna wa 'yan aji biyar da shida sana'ar a darasin aikin hannu.

KAMMALAWA

To jama'a, Alhaji na Ƙanƙara ya ji inda abin ya samo asali, Hajiya ta Faskari ta bar kabewarta don miya ta nemo wa yara duma, Malam na Sabuwa kuma ya fito da irin tsoho ya gwada. Wanda ke da ragowar irin masaki ko zunguru ko shantu, ya taimaka wa maƙwabcinsa da ƙwaya biyar, musamman waɗanda suka baro ƙauyukansu. Masu zanen ƙwarya kuma na ko'ina, ku rubuto mana sunayen zane-zanen garinku da yadda ake yin su, za mu karanta a fili domin na baya su ji.

Allah ya sa mu ci amfanin gona lafiya, ya tsare mana yaranmu. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.